Ranar Alhamis a Dayton

Bakwai saura kwata nake tsayar da mota
a ƙofar gidan Darnell Pruitt,
inda aka shimfiɗa katako a kan matakala
don keken guragu ya samu hanya.
Lorraine ce ke turo shi,
ko rigar aikin dare ba ta cire ba.

Yaƙin ya ƙare, in ji rediyo.
An naɗe tuta, masu jawabi sun sha ruwa sun sauka.
Amma ni duk Alhamis sai na ɗauko ragowarsa,
in ɗaura masa bel a kujerar baya.

Da ƙafa biyu ya tafi, yana ɗan ashirin da ɗaya.
Yanzu ta hagu ta ƙarfe ce, ta biyar da aka sauya.
Ya ce kowacce ta fi motar nan tawa tsada.
Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari,
tarin hayaƙin wani rami
da suke ƙona taya da batir da ledar magani
a hamadar da har yau bai iya faɗin sunanta daidai ba.

Akwai takarda a jakarsa, ya taɓa nuna min.
An yi wa jikinsa kuɗi kamar tsire a faifai:
ƙafa kaso kaza, kunne kaso kaza,
barcin da ya yi ƙaura, kaso kaza.
Na duba, ban ga layin Lorraine ba,
da ta bar karatun jinya a shekara ta biyu.
Ban ga layin karen da suka kyautar ba
don haushinsa na sa maigida laluben bindiga.

Gadar da muke hawa ta gaji.
Na san ramukanta kamar haƙoran bakina.
Hukuma ta ce aljihu ya bushe.
Darnell ya leƙa ta taga.
"Sal," ya ce, don Sallau ya yi masa tsawo,
"makami ɗaya tak, na ga an harba kafin karin kumallo,
da ya gyara gadar nan har ya yi mata fenti."

'Yarsu Renita ta soma aiki a shagon burodi.
Albashin farko ta kawo, tana ɓata rai,
wai wane ne ya gutsura tun kafin ta taɓa?
Ba a haife ta ba aka ciwo bashin,
ba ta yi wayo ba ya soma haihuwa.
A garinmu cewa ake bashi hanji ne.
Nan har cikin jikokin da ba su zo ba ya naɗe.

Sau ɗaya, a danja, ruwa na zuba,
ya ba ni labarin wani yaro mai tallar ƙanƙara
da ke tsaye a bakin hanya ranar da ƙasa ta tashi.
"Shi wa ke kai shi asibiti?" ya ce.
Fitila ta koma kore. Na bayanmu suka dama oda.
Ban amsa ba.

A ƙofar asibiti ya sa hannu a takardata,
mil goma sha ɗaya, zuwa da dawowa.
Daga nan ake biyana.
Daga nan nake tura wa gyatuma kuɗin magani,
daga nan aka yi wa ɗakinmu rufin kwano.
Na kan tuna wannan in ina wanke hannu,
sai in daɗe a bakin famfo.

Da azahar na maido shi.
Lorraine ta yi barci a kan tebur, kunci bisa wasiƙun biya.
Ya ɗora yatsa a leɓe,
muka ɗaga keken mu biyu don kada ya yi ƙara.
"Sai wata Alhamis," ya raɗa min.